Na sare bishiya amma ta ƙi mutuwa

"Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Sabuwar Halfa ne, a gabashin Sudan. Wata takwas da suka wuce na sa aka sare wata tsohuwar bishiyar dogon yaro a tsakar gidanmu, saboda saiwarta ta fara tsaga katanga, ta kuma nufi ramin ban-ɗaki. Faɗin kututturen ya kai kamu guda. Na zuba masa gishiri, na zuba baƙin mai, har wuta na cinna masa, amma yau tofon da ke jikinsa ya fi ashirin, ga wasu suna ɓullowa ta gindin katanga, taku shida daga wurin. A hawasha ma, wato gonata ta ban-ruwa, haka nake fama da bishiyar ƙayar nan miskit: in na sare guda, sai ya dawo da 'yan'uwansa. Ina mafita? Kuma ko akwai hanyar da ba sai an sayi magani ba?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Matsala biyu ka kawo, ta gida da ta gona, kuma duk da kamannin da suke yi, maganinsu ya sha bamban. Abin da ya haɗa su shi ne ka kashe maciji ba ka sare kansa ba. Bishiya tana tara abincin da ganyenta ya dafa a cikin saiwa da gindi, kamar yadda manomi ke cika rumbu. Sannan a ƙarƙashin ɓawonta, musamman daidai inda gangar jiki ta haɗu da saiwa, akwai idanun tofo masu yawa da ke barci. Muddin kan bishiya na raye, akwai wani sinadari da ke saukowa daga ƙarshen rassa yana hana waɗannan idanu buɗewa. Ranar da gatari ya raba kai da gindi, sinadarin ya daina zuwa, rumbu kuwa yana nan cike, ga saiwar da a da take shayar da bishiya sukutum yanzu ba ta da wanda za ta shayar. Shi ya sa tofon kututture yake girma da saurin da dashe ba ya yi. Hanya uku ce kawai ke kawo ƙarshensa: a cire wurin da idanun suke, a ƙarar da rumbun, ko a aika guba ta bi ta jijiya har cikinsa.

Fara gane wane tsiro ne

Kafin ka kashe ko sisi, ɗauki fartanya ka tona gindin biyu ko uku daga waɗanda suka fito ta gindin katanga. Idan ka ja tsiron ya taho da 'yar siririyar saiwarsa miƙe ƙasa kamar zare, wannan ɗan iri ne, daga 'ya'yan da tsuntsaye da jemagu suka yar. Shi ba shi da wahala, ka tuge ka yar, kuma irin dogon yaro ba ya daɗewa a ƙasa, cikin makonni yake mutuwa. Idan kuwa ka tarar tsiron a manne yake da wata saiwa mai kauri da ta kwanta a gicciye, ganyensa manya, ka ja ya tsinke maimakon ya tugu, to ɗan saiwa ne, tsohuwar bishiyar ce ta sake leƙowa ta wata ƙofa. Sau da yawa za ka gan su a jere, layi guda daga kututturen, suna bin saiwar da ta haife su.

Itatuwa sun bambanta a nan. Dogon yaro yana yin duka biyu, tofon kututture da na saiwa, kuma ya fi yin na saiwa a inda aka ji wa saiwar ciwo, wajen haƙa tushen gini ko ramin ruwa. Ɗunɗu da aduwa da gawo su ma suna fitar da 'ya'ya ta saiwa. Turare da sabara da kalgo daga gindi suke tofowa. Miskit ma daga gindi ne, saiwoyinsa na gefe ba su cika fitar da tsiro ba, kuma wannan shi ne lagonsa.

Gishiri, baƙin mai da wuta

Gishirin da ka zuba ka kwashe shi tun yau, haɗe da ƙasar da ta sha shi. Kafin gishiri ya kashe saiwar da ta bazu taku shida, sai an zuba yawan da zai lalata tsakar gidan baki ɗaya. Baƙar ƙasar laka irin ta wannan yanki in ta sha gishiri sai ta toshe, ruwa ya daina shiga, babu abin da zai sake tsirowa a wurin shekara da shekaru. Abin da ya fi muni, danshi zai ja gishirin ya hau katangar da kake son ceto, ya riƙa cinye gindinta yana marmashe ta. Baƙin mai a sama yake tsayawa, ba ya bin jijiyar icce, iyakarsa ya shafe fuskar kututturen ya ƙazantar da ƙasa. Ruwan batir da ƙusar jan ƙarfe da ake yawan ba da labarinsu, ɓata lokaci ne.

Wuta tana aiki, amma ba irin wadda aka saba yi ba, ta a tara kara a cinna ya ci cikin minti goma. Irin wannan fuskar icce kawai take babbakewa, idanun da ke ƙarƙashin ƙasa ko ɗumi ba su ji ba. Wadda ke kashewa ita ce ta manoman da: a tone kewayen gindin zurfin taƙi ɗaya da rabi, a cika ramin da busasshen kashin shanu, a kunna a bar shi yana ci a hankali yini da kwana, ana ƙarawa. A gona wannan dabara ce mai kyau. A tsakar gida ban ba ka shawararta ba, domin busasshiyar saiwa tana iya riƙe wuta a ƙarƙashin ƙasa kwanaki, ga yara, ga rumfar zana. Sannan 'ya'yan saiwa na nesa ba ruwansu da wutar da aka yi a gindi.

Yadda ake kashe kututturen dogon yaro da magani

Maganin da ya fi sauƙin samu shi ne gilaifoset, wanda aka fi sani da Roundup, ko da yake kamfanoni da yawa suna yin sa da sunaye daban-daban. Duba jikin galan, ka nemi mai ƙarfin giram 360 a lita, wasu suna rubuta kashi 41 ko 48 cikin ɗari. Kada mai shago ya ba ka Gramoxone a madadinsa da sunan ya fi zafi. Shi ganye kawai yake ƙonewa, ba ya sauka saiwa, kuma kurɓi guda yana iya kashe mutum.

Sirrin aikin a wuri da lokaci yake. Tsakiyar kututture mataccen icce ne, duk abin da ka zuba a can asara ce. Wurin da ke raye shi ne zoben gefe: wannan fata mai santsi da danshi da ke tsakanin ɓawo da icce, da farin iccen da ke biye da ita, faɗin kamar yatsu biyu. Ta nan abinci ke sauka zuwa saiwa, ta nan magani zai bi. Kuma sabon yanka ba ya daɗewa a buɗe. Cikin mintuna kaɗan iska ke shiga jijiyoyin su toshe, a zafin Sudan ma abin ya fi sauri. Don haka mutum biyu ake so, ɗaya na yanka, ɗaya na tsaye da kwano da buroshi, a shafa kafin minti biyar ya cika.

Naka kututturen ya yi wata takwas, fuskarsa ta bushe, ga mai ga gawayi, ba zai sha komai ba. Sai ka sabunta yanka. In akwai zarto, a yanke kamar santimita 5 zuwa 10 daga sama, a kwance sosai don kada maganin ya gangare, har a ga ɗanyen icce a gefe. A share garin katako, domin yana shanye magani. In babu zarto, ka huda ramuka kewaye da gindin, kusa da ƙasa, a inda ɓawo yake da rai: kaurin rami santimita 1, zurfi santimita 4 zuwa 5, a karkace zuwa ƙasa yadda zai riƙe ruwa, tazarar santimita 8 tsakaninsu. Kututture mai faɗin kamu guda kewayensa zai kai santimita 140, ramuka 17 ko 18 ke nan. Gatari ma yana yi: sara a karkace ka bar leɓen ɓawon ya zama ɗan aljihu. Gauraya awo ɗaya na magani da awo ɗaya na ruwa, ka ɗura mililita 3 a kowane rami da sirinji. Duka-duka abin da za ka ɗura bai fi mililita 55 ba, rabinsa ma ruwa ne. Sauran ka shafa wa tofon: yanke kowane guda, ka ɗiga a bakin yankan nan take. Haka za ka bi 'ya'yan saiwa na gindin katanga ɗaya bayan ɗaya.

Ruwan gaurayawa ya zama garau. Wannan ƙaramar magana ce amma ita ke kayar da mutane da yawa. Gilaifoset yana manne wa laka, in ya manne kuwa ya tashi daga aiki. Ruwan tur'a, wato magudanar ban-ruwa, musamman lokacin damina da kogin Atbara ke zuwa da jan ruwa, yana iya kashe ƙarfin maganin tun a cikin kwano. Ka ɗebi na famfo ko wanda ya kwana a randa ya kwanta. Kwanon kuma ya zama na roba, kada a gauraya shi a bokitin kwano mai ruwan tutiya, suna haɗuwa su fitar da iska mai kama wuta.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina, daga Satumba zuwa Nuwamba, sa'ad da ganye ya ƙosa kuma bishiya ke tura abinci ƙasa. A tsakiyar bazara, in bishiya tana jin ƙishi, jijiyoyinta ba sa tafiya sosai, magani ma ba ya tafiya. In dole sai a rani za ka yi, ka shayar da gindin sosai kwana uku ko huɗu kafin ranar, ka yi aikin da sassafe. Kada ka yi a ranar da hadari ya haɗu, ana son awa shida ba ruwan sama. (Gawo ne kawai ke saɓa wannan lissafi, tunda shi da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore.)

Bayan ka sa magani, ka haƙura. Kada ka tone kututturen, kada ka datse saiwoyin da suka nufi katanga, har sai an yi mako shida zuwa takwas. Saiwar ita ce hanyar da gubar za ta bi ta kai ga na nesa. Wanda ya datse ta tun farko ya mayar da bishiya ɗaya ta zama guntaye biyar, kowane guntu da ransa da rumbunsa. Tsohuwar bishiya irin taka da wuya ta mutu a karo ɗaya. Ka sa ran ganin tofo kaɗan, mai ƙananan ganye a cure, rawaya-rawaya. Ka bar shi ya kai tsayin gwiwa, ka sake yankewa ka ɗiga. Karo na biyu ko na uku ne ke gamawa.

Abubuwa biyu na gida da za ka kula. Na farko, idan akwai wani dogon yaro kusa, naka ko na maƙwabci, saiwoyin bishiyoyi iri ɗaya sukan haɗe a ƙarƙashin ƙasa su zama jiki guda, magani ya bi ya taɓa wadda ba a nufa ba. In tazararsu ba ta wuce 'yan taku ba, ka bi hanyar da ba magani. Na biyu, ka sanar da mutanen gida cewa daga ranar babu mai karyar asuwaki daga wannan tofo, babu mai tsinkar ganyensa don dafa maganin zazzaɓi. Kifa tsohuwar tasa ko rabin ganga a kan kututturen saboda yara da awaki. Kai kuma ka sa safar hannu ta roba da riga mai dogon hannu, ka wanke da sabulu kafin ka ci wani abu, ragowar maganin kuma ya zauna a galan ɗinsa, kada a juye shi a kwalbar lemo.

In ba ka son magani

Akwai hanya, sai dai kuɗin da ba ka kashe ba za ka biya shi da naci. Kowane tofo yana fara rayuwa da bashi, rumbu ne ke ciyar da shi har ganyensa ya buɗe ya fara mayarwa. In kana cire shi kafin ya fara biya, rumbun raguwa yake yi. Don haka duk mako biyu ka zagaya, ka cire duk abin da ya leƙo kafin ya kai taƙi guda. Ɓalle shi da hannu ko da dunduniya daga tushe ya fi yanka da adda, domin ɓallewa tana tahowa da idanun da ke gindinsa, adda kuwa tana barin guntu mai fitar da uku a gurbin ɗaya. Ka ɓare duk ɓawon kututturen har taƙi guda ƙarƙashin ƙasa, ka lulluɓe shi da baƙar leda mai kauri ninki biyu ko tsohon kwanon rufi, ka danne da ƙasa yadda haske ba zai shiga ba. Ga bishiya mai girman taka, ka ƙiyasta shekara biyu, wataƙila uku. Inda ake faɗuwa shi ne tafiya: mutum ya yi wata biyu ba ya gida, ya dawo ya tarar tofo ya kai ƙugu, ya cika rumbun da aka yi shekara ana ragewa. Ka ɗora wa wani yaro mai hankali aikin.

Tonewa ta fi sauri amma ba ta raba ka da 'ya'yan saiwa. A haƙa rami kewaye, a datse saiwoyin gefe, a shiga ƙasa a yanke uwar saiwa. Da an yi shawara kafin sara, da sai a ce a bar gangar jikin ya kai tsayin ƙirji, don a ɗaura igiya a yi amfani da shi wajen girgiza gindin. Bayan an fitar da kututturen, ka bi manyan saiwoyin da suka fi hannu kauri ka zaro iya abin da za ka iya, sauran kuma ka ci gaba da ɓalle abin da suka fitar.

Miskit a hawasha

An shigo da miskit Sudan a 1917 don inuwa da tare rairayi, ya zo ya fi ƙarfin masu shi, har gwamnati ta ba da umarnin kawar da shi a 1995. Wanda ya ga yadda ya cinye filayen noman Gash da Tokar na gabashin ƙasar da bakin magudanan Halfa ya san sara ba ya masa komai, sai ma ya mayar da mai ƙafa ɗaya ya zama kurmi mai ƙafa goma.

Idanun tofonsa suna taruwa ne a wuyan gindi, daga fuskar ƙasa zuwa kamar taƙi guda a ciki. Ƙasa da nan, saiwar ba ta da abin da za ta tofo da shi, komai zurfinta. Aikin ke nan: tone gindin, ka yanke uwar saiwa santimita 30 ƙarƙashin ƙasa, ka ɗago wannan dunƙulen gaba ɗaya. Ba sai ka bi saiwar har ƙarshenta ba. Ka yi haka kwana biyu ko uku bayan ban-ruwa, lokacin da laka ta yi laushi amma ta daina kama diga, domin in ta bushe sai ka ce dutse. In da katafila za a yi, ka tsaya a kan direban ya nutsa haƙori, don wanda ya kankare sama kawai noman miskit ya yi maka. Dunƙulen gindin da aka fitar yana yin gawayi mai kyau, zai rage maka kuɗin leburori.

In sun yi yawa har tono ya gagara, gilaifoset ba ya cika cin miskit. Wanda ke cin sa shi ne tiraikulofir, ana sayar da shi da sunan Garlon 4. Awo ɗaya a cikin awo huɗu zuwa biyar na man dizal, wanda a nan ake ce wa jazulin. A sare ƙasa-ƙasa, a shafe fuskar yankan da gefen ɓawon har ƙasa. In takardar jikin galan ta faɗi wani awo daban, bi nata. Wannan magani yana tashi kamar turiri in rana ta yi zafi, kuma auduga da tumatir da kuɓewa ba sa jure ko ƙamshinsa, don haka sai da hunturu, da safe, ba iska, kuma ba kusa da audugar maƙwabci ba. Yana kashe kifi, kada a kai shi bakin tur'ar da mutane da dabbobi ke sha, can sai diga. Masu ɗauke da fikuloram, irin su Tordon, ka nisance su a gonar da za ka shuka, suna daɗewa a ƙasa su hana gyaɗa da wake tsirowa.

Ko ka kashe kowane gindi, ƙasar cike take da iri. Ƙwayar miskit tana da tauri, tana yin shekaru a ƙasa da ranta, kuma bi ta cikin akuya ko raƙumi ko saniya yana ƙara mata saurin tsirowa. Ruwan magudana ma yana kawo ta. Da yawa daga cikin "'yan'uwan" da kake gani sababbin haihuwa ne. Ka yi saran kafin 'ya'yan su nuna, waɗanda suka zuba a tsince. Bayan ban-ruwa na farko za su fito kamar an yafa, a lokacin fartanya kawai suke buƙata, in sun shekara kuwa sai diga. Kada ka bar filin da ka share ya zauna saura, ka shuka shi a kakar nan, ka kuma hana dabbobin da suka yi kiwo a cikin miskit kwana a hawashar. In kana ba dabbobinka 'ya'yansa, a niƙa su tukuna.

Katangar kuma

Daga nan ba zan iya ce maka saiwa ce ta ture katangar ko ƙasa ce ta motsa ba, sai wanda ya tsaya a wurin. Amma a baƙar laka, yawanci bishiya tana tsaga gini ne ta hanyar shanye danshin da ke ƙarƙashinsa, ƙasar ta tsuke, tushe ya zauna. Yanzu da bishiyar ta tafi, danshi zai dawo, lakar ta kumbura, tsagar tana iya rufewa ko wata ta buɗe a gefe. Kada ka yi gaggawar kiran magini. Ka shafa ɗan siminti siriri a gicciyen tsagar a wuri biyu, ka rubuta kwanan wata a gefe, ka bar damina guda ta wuce ka ga ko ya fashe. Saiwar da ta shiga ramin ban-ɗaki in ta mutu za ta ruɓe ta bar kafa, a toshe ta da siminti kafin ruwan sama ya same ta. Mataccen kututture kuma gidan gara ne, don haka da zarar ka tabbata ya mutu, ɓawo ya saɓule, damina ta wuce ba tofo, ka tone shi ka fitar, musamman in rufin ɗakinka na azara ne.